Wa Ya Rufe Jan Tikitin Maijego?

Kafin in ajiye jakata a kan tebur na san an yi ɓarna. Ofishinmu ba ya shiru da safe, ko dai ana rigima a kan wanda ya ƙarar da madarar shayi, ko ana yi wa wani dariya. Ranar nan kuwa kowa a tsaye yake, babu mai kallon wani. Oga na cikin ɗakinsa na gilashi da waya a kunne, sai "a yi haƙuri, ranka ya daɗe" yake ta maimaitawa yana share gumi.

Ga abin da ya faru. Mu ne muka rubuta wa wani asibiti manhajar da ke gadin ɗakin sanyinsu. Idan firij ya fara ɗumi, sai ta buga ƙararrawa a wayar mai kula da magunguna. To, a ƙarshen mako wuta ta ɗauke ta dawo, firij bai tashi ba, ƙararrawa kuma ba ta ce uffan ba. Allurar masu ciwon suga ta lalace kaf. Da safen nan iyaye suka koma gida da yaransu hannu rabbana.

Abin da ya fi ƙona rai, mun san da matsalar. An buɗe mata jan tikiti tun tuni, wato alamar aiki mai hatsari, aka ɗora shi a wuyan abokiyar aikinmu Maijego. Yanzu da aka duba allon ayyuka, sai ga tikitin a rufe, an rubuta an gama, alhali ko layi ɗaya na kod, wato rubutun manhajar, ba a taɓa ba.

A wurinmu ba a zuwa allon ayyuka don rufe aiki. Akwai wani ɗan ƙari da muka maƙala a cikin edita, manhajar da muke rubuta kod a ciki, muna ce masa Ɗan Rakiya. A gefen hagu yake zama, yana nuna maka tikitocin da ke kanka, ka ɗauka, ka yi bayani, ka rufe, ba tare da ka bar inda kake rubutu ba. Jan tikiti kuwa ba ya rufuwa sai daga editan mai shi. Ɗan Rakiya ya ce daga editan Maijego aka rufe wannan.

Oga ya fito ya tsaya a tsakiyarmu. "Asibiti na son sunan mutum kafin a tashi aiki yau," in ji shi. "In ban ba su ba, su soke kwangila su maka mu a kotu. Sunan da ke kan tikitin shi zan ba su, ba ni da wani."

Kowa ya san ma'anar wannan. A sana'armu, wanda aka ce ya rufe jan tikitin asibiti da ƙarya ya gama aiki, ba a nan kaɗai ba, har duk inda zai je.

"Ba ni zuwa yamma," in ji wani daga bayan firinta.

Kawu ne, mai gwajin manhajojinmu. Dattijo ne gajere, ba ya zama wuri ɗaya, kullum da kofin shayi a hannu wanda ban taɓa ganin ya shanye da zafinsa ba. Idan kuskure ya ɓuya a cikin manhaja, Kawu zai bi sawunsa layi-layi har ya kamo shi inda ya kwanta. Shi ne ma ya gano matsalar ƙararrawar ya buɗe tikitin.

"Kwamfuta ta riga ta faɗi mai laifi, Kawu," in ji Oga.

"Kwamfuta ta faɗi kujerar da aka zauna," in ji Kawu. "Ba ta faɗi wanda ya zauna ba."

* * *

Maijego ta iso da 'yarta a kafaɗa, jakar kwamfuta a hannu ɗaya, jakar yarinya a ɗayan. Yarinyar har ta fara rarrafe amma sunan Maijego ya ƙi barin uwar. Tun da 'yar ta yi wata rashin lafiya daga gida take aiki, sai yau da aka kira ta.

Anti ce ta tarbe ta a ƙofa. Anti yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke karɓar baƙi da kiran waya a gaban ofis, ita ce kuma ta rene ta ta kawo ta wurin Oga. Ta miƙa mata ruwa tana cewa, "Sha, Auta, kwantar da hankalinki." Waya ta yi ƙara a teburinta, ta koma da gudu.

Kawu ya ja Maijego zuwa ɗakin taro. Ni ma na bi su, ba wanda ya gayyace ni.

"Wallahi, Kawu, ban rufe ba," in ji ta. "Yaya zan rufe abin da ban ma gama gano kansa ba? Tun da na koma gida Oga ya jibga min wani aikin, da na ga tikitin ya ɓace daga gefena na ɗauka ya mayar wa Dogo ne."

Ni ne Dogo. Na buɗe baki, Kawu ya ɗaga min hannu.

"Ɗan Rakiya ya ce a nan ofis aka rufe shi, da tsakar rana, ranar da kika daina zuwa. Ina kike lokacin?"

"Na tsallaka titi gidan renon yara in shayar da ita. Na tarar jikinta zafi rau. Na dawo a guje, na kife kwamfutar na cusa a jaka, muka wuce asibiti."

"Da za ki tsallaka, kin kulle ta?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban kulle ba."

Kawu ya ɗauki kwamfutar yana juya ta yana kewaya tebur. Ya buɗe, ya shafa wurin da ake jan kibiya da yatsa, kibiya ta ƙi motsi.

"Na kashe shi da daɗewa," in ji Maijego. "In ina aiki da yarinyar a cinya sai ta riƙa marin wurin tana ɓata min rubutu. Ni da ma da madannai nake komai."

Kawu ya ci gaba da juya kwamfutar, sai ya tsaya a wata kafa ta baya. Akwai wani ɗan baƙin abu a soke, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Kan linzamin kwamfuta ne, abin jan kibiya irin marar waya, wanda in ba a soka shi ba linzamin ba ya aiki.

"Wannan fa, 'yata?"

Ta leƙa. "Ba nawa ba ne. Ni rabona da linzami tun ina makaranta."

"To kada wanda ya ji wannan maganar," in ji Kawu, ya dube ta, ya dube ni. Ni ya fi daɗewa yana kallo.

* * *

Da muka fito, idon ofis duka a kaina yake. Na san dalili. Teburina ne kusa da na Maijego, kuma kowa ya tuna ranar da na mayar mata da aikinta a gaban jama'a na ce a sake. Har gobe ina nan a kan bakana, aikin nan bai yi ba. Amma daga mayar da aiki zuwa kashe wa mutum sana'a ai akwai tafiya. Wani har matsar da kujerarsa ya yi da na wuce. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, na ce da ƙarfi duk mai magana ya fito ya faɗa.

Kawu ya fizgi hannun rigata zuwa kan matakala, kwamfutar Maijego a hammatarsa.

"Ina kake da tsakar ranar nan?"

"Haba, Kawu! Ni?"

"Kai. Ka fi kowa kusa, ka fi kowa baki."

"Ina wurin cin abinci, ni kaɗai, ba ni da shaida. Sai ka rataye ni."

Ya ɗora kwamfutar a kan bangon matakalar, ya buɗe wani tikitin gwaji. "Rufe min wannan."

Raina a ɓace na danna madannai, Ɗan Rakiya ya buɗe, na zaɓa, na rufe, na tura masa abarsa.

"Ka ga hannunka?" in ji shi. "Ko neman linzami bai yi ba. Duk mai rubuta kod a ofishin nan haka zai yi. Wanda ya zauna a kujerar nan ya shafa, kibiya ta ƙi, bai san hanyar madannai ba, sai ya koma ya ɗauko linzaminsa. Yana gamawa Maijego ta faɗo a guje ta tafi da kan linzamin a jikin kwamfutarta."

"To ka faɗa musu ba ni ba ne mana!"

"Bari su ci gaba da kallonka. Mai laifin zai ɗan sake."

Na ji kamar in jefa shi ƙasan matakalar. Amma na ce ƙafata ƙafarsa har a gama, ya ce in ina iya tafiya bismillah.

* * *

Ɗan Gayu muka fara nema, mai tallata mana kaya wurin abokan ciniki. Shi da kod sai dai gaisuwa daga nesa. Muka same shi yana fesa turare a gaban tagarsa, ga wani sabon linzami marar waya a kan teburinsa yana ƙyalli. Na zunguri Kawu, ya take min ƙafa.

"Ranar da yarinyar Maijego ta kwanta, kai ne ka nuna wa mutanen asibiti allon ayyuka da yamma, ko?" in ji Kawu.

"Ni ne. Laifi ne?"

"Jan tikiti a kan allo ba ya yi wa mai talla daɗi."

Ɗan Gayu ya gyara wuyan rigarsa. "To, gaskiya na roƙe ta da safen ranar. Na ce ta rufe na ɗan lokaci, in baƙi sun tafi ta sake buɗewa. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yi ba. Da na hau allon da yamma na ga babu shi, sai na ce ashe ta sauko."

"Ba ka tambaye ta ba?"

"Mutum ya yi maka alheri ka tsaya tambaya?"

"Wannan linzamin sabo ne," in ji Kawu. "Ina tsohon?"

"Ban sani ba. Wataƙila yana mota."

Na ce, "Wataƙila? Tashi mu je!" Ban san na damƙi kwalarsa ba sai da Kawu ya ɓamɓare yatsuna.

Muka sauka wurin ajiye motoci, rana na dukan ƙeya. Ɗan Gayu ya dinga fito da tarkace daga bayan motarsa, takalma, kwalaben ruwa, tsofaffin takardun talla, yana zagina ƙasa-ƙasa ina rama masa da ƙarfi. Can ƙarƙashin kujera ya zaƙulo tsohon linzamin. Kawu ya buɗe cikinsa, sai ga kansa a maƙale a ma'ajiyarsa, lafiya lau.

"Ka gani?" in ji Ɗan Gayu. "Sai ka biya ni gugar rigata, Dogo."

Kawu ya riga ya juya ya kama matakala. Na bi shi ina haki, rabin yini ya tafi ba mu da komai.

* * *

A gaban ofis muka tsaya wurin Anti, don duk mai shiga ciki ta gabanta yake wucewa. Idanunta sun kumbura, tana ta jera takardun da ta riga ta jera.

"Hajiya, ki taimake ni," in ji Kawu. "Da ƙanwarki ta tsallaka titi ranar nan, wa ya rage a ciki?"

"Ban lura ba, Kawu. Kowa ya fita cin abinci, waya kuma ba ta bar ni na ɗaga kai ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba ku san abin da yarinyar nan ta sha ba. Ga goyo, ga miji ba ya gari, ga rashin barci. Sannan Oga ya tashi a taro ya ce duk wanda wata ya ƙare da jan tikiti a wuyansa ya nemi wani aikin. Ita kaɗai ke da ja a lokacin, kowa ya san da wa yake. Ranar a bayi na same ta tana kuka."

Na tuna taron. Na kuma tuna yadda Oga ya matsu allon ya yi fes kafin baƙi su zo. Muna barin wurin na raɗa wa Kawu, "Oga ne! Shi ma rabonsa da kod an yi shekaru."

Kawu ya tura ƙofar gilashin ɗakin Oga kai tsaye. Ya tambayi Oga inda yake da tsakar ranar. Oga ya miƙe har kujerarsa ta bugi bango.

"Ni kake tuhuma a kamfanina?"

"Kowa nake tambaya, ranka ya daɗe."

"Ina filin jirgi ina ɗauko baƙin asibitin! Tambayi direba, tambayi baƙin ma in ka ga dama. Yamma dai ta kusa, Kawu. Ka kawo min suna ko in aika wanda nake da shi."

Direba ya tabbatar. Muka sake komawa inda muka fara.

* * *

Maijego na ɗakin taro inda muka bar ta, yarinyar ta yi barci a cinyarta. Ta dube mu, ta gane ba mu samo komai ba.

"Ku bar shi kawai," in ji ta. "Ni na bar ta a buɗe. Da ma kwamfutar nan tun da na koma gida ta zame min ciwon kai, ban san me ya shige ta ba."

Kawu na kai da komo a bakin taga. "Kamar yaya?"

"Kibiya ce ke tsalle ita kaɗai. Ina rubutu sai in ga ta ruga can, ta dawo nan, har ta danna min abin da ban sa ta ba. Ga shi na kashe wurin shafawar."

"Kullum?"

"A'a. In wannan ta yi barci lafiya lau nake aiki. Da ta farka sai abin ya tashi, har na ce ko ita ce ke da aljanu."

Na yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Kawu bai yi ba. Ya daina tafiya, ya jawo kujera ya zauna, abin da ban taɓa gani ba. Ya daɗe yana kallon jakar yarinyar da ke ƙasa kusa da ƙafar uwar.

"Kayan wasanta na ciki?"

"Suna ciki. Me ya faru, Kawu?"

"Wa ke zuwa gidanki tun da kika koma?"

"Ba kowa. Daga maƙwabciyata sai Yaya."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Dogo," in ji shi a hankali, "tara min kowa a nan. Kowa ya zo da linzaminsa." Da na kai ƙofa na ji yana cewa, shi kaɗai, da ma bai karɓi aikin nan ba.

* * *

Ɗakin taro ya cika har da masu tsayuwa. Kawu ya haɗa kwamfutar Maijego da babban talabijin na bango, edita ya fito, Ɗan Rakiya a gefe, kibiya a tsaye a tsakiya. Ya nuna musu ɗan baƙin kan linzamin, ya yi bayanin yadda aka yi ya zo nan.

"Kan linzami ba ya jin kowa sai linzaminsa," in ji shi. "Kowa ya ja nasa a kan tebur."

Aka fara. Ɗan Gayu ya ja sabon, ya ja tsohon, yana harara ta. Oga ya ja nasa kamar zai fasa tebur. Masu zane suka ja, mai lissafi ya ja. Anti ta ɗaga nata, mai waya ne irin na sito, Kawu ya ce ta bar shi. Kibiya ko gezau.

"An gama wasan?" in ji Oga, ya ɗauki wayarsa. "Maijego, ki yi haƙuri, ba ni da yadda zan yi."

Hayaniyar ta tashi yarinyar, ta fara kuka.

"Ba ta abin wasanta, 'yata," in ji Kawu. "Wanda ta fi so."

Maijego ta sa hannu a jaka ba tare da ta duba ba, ta ciro ta miƙa mata. Linzami ne, shuɗi, duk sawun haƙora a jikinsa. Yarinyar ta yi shiru, ta kama shi da hannu biyu tana goga shi a cinyar uwarta. A kan bango kibiya ta zabura, ta ruga hagu, ta yi sama, ta dawo.

Wani ya ce, "Innalillahi." Maijego ta kalli bango, ta kalli hannun 'yarta, ta sake kallon bango.

"Wa ya ba ta wannan?" in ji Kawu.

Maijego ta ɗago kai. Ta juya a hankali tana neman fuska ɗaya a cikin jama'a.

"Yaya," in ji ta. "Kin ce ya lalace ne."

Anti ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa. "Na zo gidanki da shi a jaka don in zare abin nan in mayar," in ji ta, tana magana tana shessheƙa. "Kina kan kwamfutar ba ki tashi ba. Yarinya ta zaro shi daga jakata, na karɓa ta tsala ihu, kika ce in bar mata. Me zan ce miki?"

"Ba wannan nake tambaya ba, Yaya."

"Korar ki za a yi, Auta! Wata ya zo ƙarshe, ja na nan a kanki. Kullum ina ganin yadda kuke yi in na kawo shayi, ku danna nan ku danna can ya zama kore. Na ce in ya zama kore Oga zai ƙyale ki, in kin huce ki gyara abinki a hankali. Wallahi ban san in an rufe mantawa ake yi da shi ba. Ban san yara ne a bayansa ba."

Babu wanda ya yi motsi sai kibiyar da ke ta yawo a bango. Ni da na yini ina neman wanda zan shaƙe, sai na rasa inda zan sa fushina. Da na samu wuri kuwa ban ɓoye ba. Na ce wa Oga a gaban kowa, wanda ya tsorata mutane da kora don allo ya yi kyau, shi ma hannunsa na cikin wannan. Ya ce in fita. Na ce ba inda za ni. Ya kawar da kai.

"Ranka ya daɗe," in ji Maijego, ta miƙe da yarinyar, "aika sunana. Ni na bar ta a buɗe. Yaya na da yara uku a makaranta."

"A'a," in ji Kawu. "Asibiti za su tambaye ni, 'yata, ni na buɗe tikitin. Ba zan yi musu ƙarya ta biyu a kan ta farko ba."

Anti ta dafa bango ta tashi. "Kawu ya yi gaskiya. Rubuta nawa, Oga."

* * *

Oga ya shiga ɗakinsa ya ja labule. Jama'a suka watse sumu-sumu, waɗanda suka yini suna harara ta yanzu sun kasa haɗa ido da ni. Kawu ya zare ɗan baƙin abin daga kwamfutar ya ajiye a kan tebur, ya fita, ban sake ganinsa ba ranar.

Maijego ta koma teburinta kusa da nawa. Ta zaunar da yarinyar a cinya, ta buɗe edita, ta kira Ɗan Rakiya, ta mayar da tikitin ja. Hawaye na zuba amma yatsunta ba su tsaya ba. Na matso da kujerata na ce ta nuna min inda ta tsaya, muka shiga neman abin da ke hana ƙararrawa farkawa. Sunanta ya fita, aikinta na nan, amma wallahi ban taɓa ganin wanda aka wanke yana cikin irin wannan baƙin ciki ba.

Ana gab da tashi Anti ta shigo daga gaba, kayan teburinta a cikin wani kwali. Ta tsaya a bayanmu. Yarinyar na ganinta ta fara zillo tana miƙa hannu.

"Auta," in ji Anti. Maijego ba ta juyo ba. "Tunda yanzu ina gida, ki riƙa kawo min ita da safe. Ba sai kin kai ta gidan reno ba."

Yatsun Maijego suka tsaya a kan madannai. Ta jawo yarinyar jikinta ta riƙe ta sosai, idonta a kan jan tikitin.

"Na gode, Yaya," in ji ta. "Zan kai ta gidan reno."

Anti ta ɗan jima a tsaye, sannan ta gyara riƙon kwalin ta nufi matakala. Yarinyar ta bi ta da kuka har ƙofar ta rufe.